Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Kan Haƙƙin Mai Bayarwa Na Jin Inda Dukiyarsa Ta Tafi

Zuwa ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar III,
Shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya,
Shugaban Jama'atu Nasril Islam,
Fadar Sarkin Musulmi, Kanwuri, Sakkwato.



Bayan gaisuwar ban girma da biyayya irin wadda talaka ke yi wa shugabansa, da fatan alheri ga Waziri da sauran 'yan majalisa, da addu'ar Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya jiƙan Mujaddadi Shehu Usmanu da magabatan da suka riƙe wannan gida, mai wannan wasiƙa yana neman izinin gabatar da wani koke wanda ya daɗe yana yawo a zaurukan birni da rumfunan kasuwa ba tare da ya sami mai ɗaukarsa ba.

Allah ya ba ka nasara, ladabi ya fi son a kai kuka ta hannun mai unguwa da uban ƙasa, kuma ba a tsallake wannan hanya don raini ba. Abin da ya sa aka buɗe wasiƙar shi ne, koken ba shi da ofishi guda da za a kai shi, domin ya shafi kwamitocin ginin masallatai, da ƙungiyoyin tallafa wa marayu, da gidauniyoyin unguwanni, da makarantun Islamiyya masu neman gudummawa, da kwamitocin zakka na gundumomi, waɗanda kowannensu ke cin gashin kansa. Masu bayarwa sun sha tambayar sakatarorin irin waɗannan ƙungiyoyi inda aka kwana, amsar kuma ba ta cika wuce ɗayan biyu ba: ko a ce kwamiti bai zauna ba tukuna, ko a ce Allah ya riga ya rubuta wa mutum ladarsa, wato a rufe masa baki da addu'a. Tun da ƙofofin duk sun ba da amsa iri ɗaya, sai aka ga ya dace a ɗaga murya zuwa inda kowa ke saurara idan an yi magana.

Koken a taƙaice shi ne, a Sakkwato ana neman mai bayarwa ruwa a jallo kafin ya bayar, da zarar kuɗi sun fita daga hannunsa kuma sai a ɗauke masa ƙafa, ba ya sake jin ɗuriyar kowa sai azumi ya kawo jiki ko wata buƙata ta taso. Wannan ɗabi'a ta daɗe, amma yanzu ne haɗarinta ya fito fili. Tun daga watan Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, wadda daga baya aka rufe ta, ƙungiyoyin agaji a faɗin Arewa suka fara jin jiki, alhali 'yan gudun hijirar da ta'addancin 'yan bindiga ya koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo ba su ragu ba. Idan rijiyar waje ta ƙafe, ta gida ake komawa, ita kuwa ta gida, wato aljihun ɗan kasuwa da rumbun manomi da albashin ma'aikaci, ba ta ba da ruwa sai ga wanda ta amince da gugarsa.

Abu na farko da ake kuka da shi shi ne bikin ƙaddamar da asusu, wanda ya zama kusan hanya ɗaya tilo da ƙungiyoyi suka sani ta saduwa da masu ba su. Mai Alfarma ya halarci irin waɗannan taruka fiye da yadda za a ƙirga, ya san yadda suke gudana: a kafa rumfuna, a jera kujerun roba da na alfarma a gaba, a naɗa uban taro da babban mai ƙaddamarwa, sanƙira ya riƙe lasifika yana ambaton sunan kowane attajiri da adadin da ya faɗa, jama'a na kabbara, wani yaro na zagayawa da faranti yana karɓar ambulan. Da yamma rediyo zai sanar da cewa an tara miliyan kaza. Abin da rediyo ba ya dawowa ya faɗa shi ne nawa ne daga ciki tsabar kuɗi, nawa ne alƙawari, kuma alƙawuran nan nawa aka cika. Bayan shekara biyu mai wucewa zai ga ginin ya tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa, awaki na kwana a inda aka ce mihirabi zai zauna, sai ya yanke hukunci cewa kwamiti ya cinye kuɗin, alhali sau da yawa gaskiyar ita ce manyan da aka yi wa kabbara ba su aiko da ko sisi ba. Shirun kwamiti a nan ya zalunci mutum biyu: ƙaramin mai bayarwa wanda ya cika nasa, da ɗan kwamitin da ake zargi a kan kuɗin da bai taɓa gani ba. Matsalar ba ta Sakkwato kaɗai ba ce, domin ko asusun tallafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa, wanda aka ƙaddamar a Abuja a 2014 ƙarƙashin Janar T. Y. Danjuma, ya yi fama da tazara tsakanin abin da aka yi alƙawari a daren taro da abin da ya shiga asusu; bambancin shi ne shugabanninsa sun fito sun faɗa.

Abu na biyu ya fi na farko zurfi, domin shi ne ke ba shirun rigar addini. An cakuɗa ɓoye sadaka da ɓoye lissafi, har wanda ya nemi bayani ake masa kallon mai gori ko mai neman a san shi. Gaskiya ne Alƙur'ani, a aya ta 271 ta Suratul Baƙara, ya fifita sadakar da aka ɓoye, amma wannan falala ta mai bayarwa ce, shi ke da zaɓin ya ɓoye sunansa ko ya bayyana, kuma ba ta taɓa zama izini ga wanda aka danƙa wa dukiya ya ɓoye abin da ya yi da ita ba. Mai karɓa a madadin mabuƙata wakili ne, wakili kuwa amana ce a wuyansa, kuma a sura ɗaya da waccan aya ne aka saukar da aya mafi tsawo a Littafin, ta 282, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu komai ƙanƙantarsa. Idan bashin da ke tsakanin mutum biyu da suka san juna ya buƙaci alƙalami, dukiyar da ɗaruruwa suka tara domin waɗanda ba su da bakin magana ta fi buƙatarsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓo zakka, da kuma yadda ya hau mumbari ya yi tir da ware wani abu da sunan kyautar da aka ba ma'aikaci, wato dai bin diddigin mai karɓa sunna ce, kuma a bainar jama'a aka yi ta. Haka kuma aya ta 103 ta Suratut Tauba ta umarci mai karɓa da ya yi wa mai bayarwa addu'a, abin da ke nuna cewa shari'a ba ta ɗauki hulɗar ta ƙare da miƙa dukiya ba.

Ranka ya daɗe, wannan ba baƙon darasi ba ne a gidanka. Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙ, ya zayyana hanyoyin da dukiya ke shiga baitulmali da inda ake kashe ta, ya kuma lissafa karɓe-karɓen sarakunan Haɓe da ba su da tushe a shari'a cikin abubuwan da ya yi inkarinsu, kuma sarautun Sa'i da Ma'aji da ake ji har yau a masarautun daular Sakkwato sun samo asali ne daga aikin karɓar zakka da tsare baitulmali. Birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809 a kan irin wannan koyarwa bai kamata ya zama inda tambayar lissafi ke zama rashin kunya ba.

Daga nan koke na uku ya samo asali, wato zuba kowace irin dukiya cikin tukunya ɗaya. Zakka wajibi ce mai ƙa'ida: tana hawa kan dukiyar da ta kai nisabi, wato mafi ƙarancin adadin da ke wajabta ta, kamar misƙali 20 na zinariya, kimanin giram 85, a fitar da kashi 2.5 cikin 100 idan shekara ta zagayo, ko wusuƙi 5 na hatsi, a fitar da kashi 10 cikin 100 idan damina ta shayar, kashi 5 idan da wahalar ban ruwa aka noma, kamar yadda masu shinkafar rani ke yi a fadamar Rima. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni 8 da ake ba ta, kuma ginin masallaci ko sayen motar ƙungiya ba sa cikinsu a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar nan. Waƙafi kuwa, wato tsare asalin dukiya a sadaukar da amfaninta har abada, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar, yana tafiya ne bisa sharaɗin wanda ya yi shi. Sadakar ganin dama ce kaɗai ke da faɗin hannu. To idan ƙungiya ta karɓi ukun nan a asusu ɗaya, ba ta kuma gaya wa kowa wanne ya tafi ina ba, mai zakka ba shi da tabbacin farillarsa ta faɗa inda shari'a ta ajiye ta. A ɗauki manomin da ya ɗaure buhunan gero a kan amalanke ya kai ƙofar uban ƙasa bayan kaka: malaman Malikiyya sun ce zakka ana raba ta ne a inda ta wajaba ko kusa da nan, sai idan wani wuri ya fi buƙata, saboda haka tambayarsa ta ko geron ya tsaya a gundumarsu ko an wuce da shi tambaya ce ta fiƙihu, ba ta tsegumi ba. Haka zancen ladan ma'aikata, wanda ƙungiyoyi ke jin nauyin ambata kamar abin kunya, alhali ma'aikacin zakka yana cikin rukunan nan 8, kuma mazhabar ta yarda a biya shi gwargwadon wahalarsa ko da mawadaci ne. Abin da shari'a ta halatta ba ya buƙatar ɓoyo, ɓoyon ne ma ke sa a zaci haram ne.

Akwai kuma rashin adalci a yadda ake raba bayani. Ƙungiyar da ke karɓar tallafi daga Turai ko Amurka takan rubuta wa masu ba ta rahoto duk wata uku, cikin Ingilishi, da rasit na kowane kwabo, domin ta san idan ba ta yi ba famfo zai rufe. Ita wannan ƙungiya, idan ta karɓi gudummawar mahaucin Kasuwar Kara ko ta matar aure a Mabera wadda ta cire daga kuɗin adashinta, ba ta jin tana bin su ko da saƙon waya. Ashe ba iyawa ce babu ba, ganin darajar mai bayarwa ne ya bambanta. A cikin birnin nan akwai abin koyi: Asibitin Noma, wanda aka buɗe a 1999 domin yaran da cutar noma ke zaizaye wa fuska, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin wannan ƙungiya daga mutane da cibiyoyi masu zaman kansu yake fitowa, ciki har da miliyoyin masu ba da kaɗan-kaɗan, kuma tana buga rahoton kuɗi na shekara wanda masu binciken lissafi na waje suka tantance, har da abin da ta kashe a kowace ƙasa. Tsohuwar da ke wani ƙauyen Faransa tana iya sanin abin da aka kashe a Nijeriya da taimakonta, mutumin Runjin Sambo kuwa bai san abin da aka yi da nasa a bayan gidansa ba. Wannan abin a tsaya a yi tunani ne.

Abin da ake ba jama'a a madadin lissafi shi ne hoto: zawarawa a jere a rana, kowace da buhu a gabanta, ko marayu riƙe da shadda ana ɗaukarsu ana watsawa a Facebook. Hoton buhu bai faɗi buhu nawa aka karɓa ba, abin da ya tabbatar kawai shi ne an tona asirin wanda talauci ya riga ya raunana, wato an ɓoye abin da ya kamata a bayyana, an bayyana abin da ya kamata a ɓoye.

Inda shiru ke kai al'umma an gan shi a 2020. Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wadda su Alhaji Aliko Dangote suka jagoranta tare da Babban Bankin Nijeriya, ta buga sunayen masu ba da gudummawa da adadin kowa, amma bayanin abincin da aka kai jihohi da lokacin rabonsa bai isa kunnen talaka ba, sai ga shi a watan Oktoba jama'a sun fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, kowa na cewa an ɓoye haƙƙinsa. A Sakkwato abin bai kai ga haka ba, amma ana ganin nasa salon: attajiri ya gwammace ya tara mabarata a ƙofar gidansa ya raba da hannunsa, kuɗin da za su iya kafa wa mutum goma sana'a su narke a hannun mutum dubu, domin aƙalla idonsa ya gani.

Za a iya cewa doka ta riga ta tanadi magani, tun da Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke da rajistar amintattu su riƙa miƙa bayanan kuɗinsu ga hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Sai dai takardar da aka aika Abuja ba ta isa kunnen wanda ya bayar a Gidan Igwai, kuma yawancin kwamitocin unguwa ba su da rajistar ma balle su aika. Za a kuma iya cewa 'yan kwamitin nan masu sa kai ne, malamai da tsofaffin ma'aikata da ba a biyan su, waɗanda neman lissafi zai iya kashe musu gwiwa. Mai wannan wasiƙa ya yarda da yawansu mutanen kirki ne, kuma abin da ya hana su rubutu rashin sanin yadda ake yi ne, amma wannan hujja ce ta a koya musu, kuma mutumin kirki shi ya fi kowa cin ribar lissafi, domin shi ne zargi ke ci ba da haƙƙinsa ba. Fada ba ta da kotu ko ɗan sanda, amma tana da abin da CAC ba ta da shi: idan Sarkin Musulmi ya ce abu ya dace, limami zai faɗa a mumbari, uban ƙasa zai maimaita a zaurensa, attajiri kuma zai ji kunyar saɓawa.

Saboda haka ake roƙon Mai Alfarma, cikin ladabi, ya sa malaman fada da na Jama'atu Nasril Islam su fitar da bayani a sarari cewa neman lissafin sadaka haƙƙi ne wanda ba ya rage lada, a kuma karanta shi a huɗubar Juma'a, a fara daga Masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello. Ana roƙon fada ta mayar da shi sharaɗi cewa ba za ta tura wakili zuwa ƙaddamar da asusu ba sai masu taron sun ɗauki alƙawarin bayyana, cikin wata shida, abin da ya shigo hannu da abin da ya rage alƙawari, kuma ƙungiyar da ta taɓa ƙaddamarwa ta fara kawo lissafin na baya kafin a saurari sabon. Wannan roƙo shi ne mafi sauƙin aiwatarwa, domin ba ya buƙatar kuɗi ko doka, kuma zai yi aiki tun ranar da aka ji shi.

Ana kuma roƙon ka yi magana da Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda dokar 2016 ta ɗaga daga matsayin kwamiti, kuma take da kwamitoci a gundumomin ƙananan hukumomi 23 na jihar, domin ta shige gaba wajen tsara takardar lissafi mai shafi guda, cikin Hausar boko da ajami, wadda za ta nuna abin da aka karɓa na zakka daban, na waƙafi daban, na sadaka daban, da abin da aka raba, da ladan ma'aikata, da abin da ya saura, a riƙa liƙa ta a ƙofar masallaci da ta uban ƙasa bayan kaka da bayan azumi, a kuma karanta taƙaitawarta a gidan Rediyon Rima domin wanda ba ya karatu. Malaman lissafin kuɗi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ɗalibansu za su iya koya wa sakatarorin kwamitoci riƙe littafin shiga da fita a 'yan kwanaki, su kuma duba littattafan sau ɗaya a shekara a matsayin tasu sadakar, idan fada ce ta nema. Mata masu bayarwa daga cikin gida, waɗanda ba sa zuwa taro kuma ba sa tsayawa ƙofar masallaci su karanta sanarwa, ana roƙon a kai musu bayanin ta hannun malamansu mata da ƙungiyoyi irin su FOMWAN, bisa turbar jaji, wato malamai mata da Nana Asma'u ta riƙa turawa ƙauyuka da ilimi. Ana roƙon duk wanda ya ba da wani abu, ko naira ɗari biyar ce, ya karɓi rasit mai lamba, ya kuma ji daga ƙungiyar sau ɗaya aƙalla a lokacin da ba neman wani abu take yi ba, sannan a hana nuna fuskar maraya ko bazawara a wurin rabo sai da yardar mai ita.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, idan ka ga dacewar a saurari masu wannan koke baki da baki, ana roƙon ka sa Waziri ya tara wakilan 'yan kasuwa da manoma da shugabannin ƙungiyoyi a zama ɗaya kafin azumi mai zuwa, domin a tsayar da ranar da takardar farko za ta hau ƙofar masallaci.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa gidan Shehu daraja.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ɗaya daga cikin talakawanka,
Birnin Sakkwato.